Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Bankok a Idon Baƙo

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ba mu yi gardama da magabata ba, gama wanda ya je ya gani da idonsa ya fi wanda aka ba shi labari. Amma muna so mu ƙara wata magana a kan wannan. Akwai gani iri biyu: akwai na wanda ya leƙa ya wuce, akwai kuma na wanda ya tsaya ya tambayi dalilin abin da ya gani. Yawancin labaran da matafiya ke kawo mana daga manyan biranen duniya na iri na farko ne. Wani yakan dawo ya ce, "Can aljannar duniya ce, mu nan ba mu fara ba." Wani kuma yakan ce, "Ai hauka ne kawai, ba tsari, ba natsuwa." Dukansu biyu sun gani da ido, dukansu kuma sun yanke hukunci kafin su fahimta.

Muna so mu gwada wannan magana da birnin Bankok, babban birnin ƙasar Tailan, a kudu maso gabashin Asiya. Ba baƙon suna ba ne a gare mu. Shekaru da yawa shinkafar Tailan ta cika kasuwanninmu, 'yan kasuwarmu kuma sun daɗe suna zuwa can saro tufafi a kasuwar Pratunam. Ra'ayinmu shi ne, abin da baƙo ya fara gani a birni irin wannan yana da daraja ƙwarai, amma darajarsa ta tambaya ce, ba ta hukunci ba. Duk abin da ya ba shi mamaki a ranar farko yana da dalili, kuma dalilin ne ilimin, ba mamakin ba.

Abin da ido ke fara cin karo da shi

Yawancin baƙi sukan sauka a filin jirgin sama na Suvarnabhumi, wanda aka buɗe a shekarar 2006, wajen kilomita 30 gabas da tsakiyar gari. Cikin ginin akwai sanyi da haske, amma da zarar mutum ya fita ƙofa sai zafi ya rufe shi. Ba irin namu na bazara mai bushewa ba ne. Zafi ne mai ɗauke da laima, kafin ka yi taku ashirin riga ta manne maka a baya. Agogonka kuma ya zama maƙaryaci, domin suna gaban Nijeriya da awa 6. Kai, har shekarar ma ba ɗaya ba ce: suna lissafi da kalandar addinin Buda, wadda ke gaban tamu da shekara 543, watau shekarar 2025 a wurinsu 2568 ce.

A kan hanyar shiga gari motoci na bin hannun hagu. Dogayen benaye na gilas suna tsaye kafaɗa da kafaɗa da tsofaffin shaguna masu hawa uku ko huɗu. A kan kowane turken lantarki wayoyi sun sarƙe kamar saƙar gizo. Ƙamshin naman da ake gasawa, da warin kwata, da hayaƙin mota, da ƙamshin furanni, duk a numfashi ɗaya. Rubutun da ke jikin alluna ba boko ba ne, ba ajami ba, nasu ne na kansu mai baƙaƙe 44, kuma ba sa barin fili tsakanin kalma da kalma. Mai digiri yakan tsaya gaban allo kamar yaron da bai shiga aji ɗaya ba. Da asuba za ka ga masu zuhudu na addinin Buda cikin mayafi ruwan goro, ba takalmi, suna bin titi da ƙoƙon bara. Da ƙarfe 8 na safe da 6 na yamma akan sa taken ƙasa a tashoshi da wuraren shaƙatawa, sai ka ga mutane da yawa sun tsaya cik har a gama.

Wannan duka gaskiya ne, kuma wanda ya ba da labarinsa bai yi ƙarya ba. Amma hangen Dala ba shiga birni ba. Bari mu ɗauki abubuwa huɗu da suka fi ɗaukar hankalin baƙo, mu ga abin da ke bayansu.

Na ɗaya: cunkoson motoci

Ba mai zuwa Bankok ya dawo bai yi maganar cunkoso ba. Tafiyar da ƙafa za ta yi cikin minti ashirin, mota takan yi awa guda. Baƙo yakan ce mutanen ne ba su iya tuƙi ba, ko gwamnati ce ba ta san aikinta ba. Amma asalin matsalar ya girmi kowane direba da ke kan titi.

Ba don mota aka gina Bankok ba, don kwalekwale aka gina shi. A shekarar 1767 sojojin Burma, ƙasar nan da wasu kakanninmu suka je yaƙi a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, suka rushe Ayutthaya, tsohon babban birnin ƙasar. Bayan shekara 15, watau a 1782, Sarki Rama na Ɗaya ya kafa fadarsa a gabashin kogin Chao Phraya. Wurin fadama ne, don haka aka haƙa hanyoyin ruwa ko'ina. Su ne tituna, su ne kasuwa, su ne ganuwar tsaro. Sai a 1864 aka gama titi na farko irin na zamani, mai suna Charoen Krung, a zamanin Sarki Mongkut, bayan jakadun Turawa sun kai kuka cewa ba su da inda za su hau keken doki su sha iska.

Sa'ad da mota ta yawaita a ƙarni na 20, sai aka cike yawancin hanyoyin ruwan aka mai da su tituna. Masu gonakin shinkafa kuma suka yanka gonakinsu fuloti-fuloti, kowa ya buɗe 'yar hanya daga babban titi zuwa filinsa. Waɗannan lunguna su ake kira soi. Wasu sun fi kilomita guda tsawo, da yawa kuma ba sa ɓullewa ko'ina. Sakamakon haka, ƙasa da kashi 10 cikin 100 na filin birnin ne titi, kuma kowa dole ya fito ya bi 'yan manyan tituna ƙalilan. A birnin da, in an haɗa da garuruwan kewaye, mutanensa sun haura miliyan 10, ina cunkoso zai rasa?

Wanda ya san wannan zai dubi 'yan acaɓar Bankok da wani ido. A bakin kusan kowane soi akwai tasharsu. Bas ba ta shiga lungu, su ne ke kai mutum daga ƙofar gidansa zuwa babban titi. Da can 'yan daba ne ke karɓar kuɗi a hannunsu. A shekarar 2003 gwamnati ta shiga tsakani ta yi musu rajista, kowa da 'yar shararsa ruwan lemo mai lamba, kowace tasha da layinta da allon farashinta. Haka kuma jiragen ruwa masu inji suna jigilar ma'aikata a tsohuwar hanyar ruwa ta Saen Saep. A ranar 5 ga Disamba 1999 aka buɗe jirgin ƙasa mai bin gadar sama, wanda suke kira BTS, a 2004 kuma na ƙarƙashin ƙasa. Ashe abin da baƙo ya ɗauka hargitsi ne, amsoshi ne iri-iri da mutane suka ba wa matsala ɗaya. Cunkoso bai ƙare ba, amma ma'aikaci yana iya haɗa acaɓa da jirgin ƙasa da jirgin ruwa ya isa ofis a kan lokaci.

Na biyu: abinci a bakin titi

Abu na biyu shi ne girki. Dare da rana tukwane na kan wuta a gefen hanya. Akwai taliya cikin romo, shinkafa da kaza, soyayyen kifi, kwaɗon ɗanyen gwanda mai yaji da suke kira som tam, da shinkafa mai danƙo da ake ci da hannu. Baƙo daga wurinmu, inda ake ganin cin abinci a titi na gwauro ne ko matafiyi, yakan yi tsammani talauci ne ya kawo haka, ko kuwa matan garin ba sa son girki.

Amma dubi masu layin saye. Akwai ɗan sanda, akwai ma'aikaciyar banki, akwai ɗaliban jami'a. Ƙananan ɗakunan haya da yawa ba su da wurin girki, kuma wanda cunkoso ya cinye masa awa biyu ko uku a yini, sayen dafaffe ya fi masa sauƙi. Sana'ar ba abin rainawa ba ce. A ƙarshen 2017 littafin Michelin na Faransa, wanda ke ba wa gidajen abinci lambar yabo, ya ba da tauraro ga wata dattijuwa da ake kira Jay Fai. A lokacin ta haura shekara 70, tana soya wainar ƙwai da ƙaguwa a kan gawayi a wani ɗan shago, sanye da babban tabarau don kare idonta daga mai.

Sa'an nan a tambaya, su wane ne ke girkin? Da yawa daga cikinsu, haka ma direbobin tasi da leburorin gini, 'yan Isan ne, watau yankin arewa maso gabashin ƙasar, inda ƙasa ba ta da ƙarfi sosai kuma damina ba ta da tabbas. Som tam da shinkafa mai danƙo cimar gidansu ce da suka zo da ita birni. Suna aiki su aika kuɗi ƙauye, inda kakanni ke riƙon jikoki. A tsakiyar Afrilu, lokacin bikin sabuwar shekararsu da ake kira Songkran, sukan koma gida, sai titunan Bankok su yi sauƙi. Mu da muka san cin rani ba ma bukatar a fassara mana wannan. Kowane kwanon abinci a bakin titin nan, akwai wani ƙauye da ke ci daga cikinsa.

Na uku: dogayen benaye

Idan cunkoso ke sa baƙo ya raina birnin, benaye ne ke sa shi ya raina gida. Yakan ɗaga kai har hularsa ta faɗi, ya shiga kantuna masu hawa bakwai, ya ce waɗannan mutane sun gama da duniya. A nan ne aka fi yi wa rogo kallon kitse.

Kusa da kogi, a unguwar Sathorn, an fara wani bene mai hawa kusan 50 a shekarun 1990, aka kusa gamawa, aka watsar da shi kango. Labarinsa labarin ƙasar ne. Shekara goma kafin nan tattalin arzikin Tailan na cikin masu saurin girma a duniya, kamfanoni suna ciwo bashin dala daga waje suna gine-gine. A ranar 2 ga Yuli 1997 gwamnati ta kasa ci gaba da riƙe darajar kuɗin ƙasar, bat. Da can bat 25 ke sayen dala ɗaya, zuwa Janairu 1998 sai da fiye da 50. Bashi ya ninka, kamfanonin kuɗi da yawa suka rufe, mutane suka rasa aiki, ƙasar ta nemi rancen dala biliyan 17 ta hannun Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Sun farfaɗo daga baya, amma duk ɗan Tailan da ya manyanta yana tuna shekarar nan.

Har wa yau, tafiyar 'yan mintoci daga manyan otal-otal akwai Khlong Toei, unguwar marasa galihu da ta fi kowace girma a birnin. Leburorin tashar jiragen ruwa ne suka fara kafa bukkoki a can a kan fadama, a filin da ba nasu ba. Akan kiyasta mazaunanta wajen 100,000. Motar 'yan yawon buɗe ido ba ta bi ta can, amma a can ne aka yi wani abu da ya kamata kowane ɗalibi ya sani. Wata yarinya mai suna Prateep Ungsongtham, haifaffiyar unguwar a 1952, ta bar makaranta tun tana ƙarama ta shiga aikin lebura, har da kankare tsatsa a jikin jiragen ruwa. Da ɗan abin da ta tara ta biya kuɗin makarantar dare. A 1968, tana da shekara 16, ta fara koyar da yaran maƙwabta a gidansu, domin yawancinsu ba su da takardar haihuwa da za a karɓe su a makarantar gwamnati. Kuɗin makaranta bat ɗaya ne a yini. A 1978 aka ba ta lambar yabo ta Magsaysay, wadda ake girmamawa ƙwarai a Asiya, ta sa kuɗin duka ta kafa gidauniyar Duang Prateep. A shekarar 2000 aka zaɓe ta sanata. Wanda ya dawo da hotunan benaye kaɗai, bai ji labarin wannan malama ba, ya bar mafi tsadar tsaraba a baya.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani sam. Birnin na zaune a kan taɓo mai taushi, kimanin mita ɗaya da rabi kacal sama da teku. Shekaru da yawa masana'antu da gidaje sun yi ta zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa da rijiyoyin burtsatse, sai ƙasa ta fara zama. A farkon shekarun 1980 wasu unguwanni na nutsewa fiye da santimita 10 a shekara. Da aka kafa doka, aka sa kuɗi mai nauyi a kan jan ruwan, aka kai famfo, sai abin ya ragu zuwa santimita ɗaya ko biyu. Duk da haka a 2011 ambaliya ta kashe mutum fiye da 800 a ƙasar, ta mamaye arewacin Bankok har da tsohon filin jirgin sama na Don Mueang, Bankin Duniya ya kiyasta hasarar ta haura dala biliyan 45. Hanyoyin ruwan nan da aka cike don a sami titi, su ne dā ke kwashe ruwan. Shi ya sa a 2017 Jami'ar Chulalongkorn ta buɗe wani lambu da aka gina a karkace da gangan, domin ya riƙe ruwan sama lita miliyan uku da wani abu maimakon ya malala titi. Baƙo zai ga ciyawa da kujeru, ɗan gari kuwa ya san tanki ne.

Na huɗu: murmushi

Ana yi wa Tailan kirari da ƙasar murmushi. Gaisuwarsu ita ce a haɗa tafin hannu biyu a gaban ƙirji a ɗan sunkuyar da kai, kuma ƙarami ne ke fara yi wa babba. Ana cire takalmi kafin a shiga gida ko haikali. Ba a taɓa kan mutum, ba a nuna mutum da ƙafa, ɗaga murya cikin jama'a kuwa zubar da mutunci ne. Wannan ya yi kusa da kunya da kara irin namu. Harshensu ma, kamar Hausa, yana da karin sauti, sai dai nasu kala biyar ne, don haka baƙo yana iya nufin ya ce "zo" ya ce "doki".

Amma baƙo yakan ɗauka duk murmushi na jin daɗi ne. Ba haka ba ne. Ɗan Tailan yakan yi murmushi in ya ji kunya, in yana neman gafara, in ma ka ɓata masa rai amma ba ya so a yi tashin hankali. Wanda ya yi wa ma'aikacin otal tsawa ya ga ya yi murmushi, kada ya ce ya ci nasara. Ya faɗi warwas ne bai sani ba. A wani gefen kuma, akwai murmushin macuci. Sanannen abu ne cewa a kusa da Babbar Fada wani mai fara'a yakan tare baƙo ya ce masa yau a rufe take, ya haɗa shi da mai tuk-tuk, watau keke mai ƙafa uku irin Keke Napep, a kai shi shagon duwatsun ado na banza. Saboda haka kada a ce duk mutanen kirki ne don sun yi murmushi, kada kuma a ce duk macuta ne don ɗaya ya cuce ka.

In ana son a ga halin mutanen da gaske, a haye kogi zuwa tsohuwar unguwar Kudi Chin. Fiye da kashi 90 cikin 100 na 'yan ƙasar mabiya Buda ne, Musulmi wajen kashi 5, Kirista wajen kashi 1. Amma a wannan 'yar unguwa akwai majami'ar Santa Cruz, wadda zuriyar Fotugis suka fara ginawa a 1770 a filin da Sarki Taksin ya ba su, ga haikalin Buda na Kalayanamit, ga wurin ibadar Sinawa, ga masallacin Bang Luang, duk tafiyar ƙafa ce tsakaninsu. Ba mu ce ƙasar ba ta da rigingimunta ba, gama a kudancinta an sha zub da jini tun 2004. Amma maƙwabtakar da ta daɗe haka abin lura ce, kuma ba a hango ta daga tagar tasi.

To, a zubar da ganin farko ke nan?

Wani zai ce mana, "In haka ne, baƙo ya rufe bakinsa sai ya shekara goma." Ba haka muke nufi ba. Idon baƙo yana da wata baiwa da ɗan gari ya rasa, domin sabo yana makantar da mutum. Baƙon da ya ga uwa da uba da yara biyu a kan babur ɗaya ba hular kwano, gabansa ya faɗi, yana da gaskiya. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2018 ya kiyasta mutum fiye da 22,000 ke mutuwa a hatsarin hanya a Tailan kowace shekara, kusan kashi uku cikin huɗu kuwa masu babur da keke mai ƙafa uku ne. Baƙon da idonsa ya yi yaji saboda hayaƙi yana da gaskiya, gama a Janairu 2019 sai da aka rufe makarantu fiye da 400 a Bankok saboda gurɓatar iska. Sanin dalilin abu ba ya mai da mugun abu nagari.

Abin da muke ƙi shi ne tsallen da ake yi daga "na ga kaza" zuwa "su haka suke". Na farko shaida ce, na biyu hukunci ne, kuma tsakaninsu akwai aiki. Hukuncin gaggawa yana da illa iri biyu. Wanda ya ce can aljanna ce yakan dawo da zuciya a mace, yana ganin Allah ne ya halicce su da tsari, mu kuwa ya halicce mu ba tsari. Bai san cewa 'yar sharar ɗan acaɓa da dokar burtsatse da jirgin gadar sama duk shawarwari ne da mutane suka yanke a shekarun da ake iya ƙirgawa, bayan sun sha wahala ba. Wanda kuma ya ce hauka ne yakan dawo da girman kai, bai koyo kome ba. Dukansu sun biya kuɗin jirgi a banza.

A haikalin Traimit, kusa da unguwar Sinawa, akwai wani mutum-mutumin Buda mai tsayin mita 3. Shekaru da yawa an ɗauka na farar ƙasa ne, ba mai damuwa da shi, har an taɓa ajiye shi a ƙarƙashin rumfar kwano. A 1955 ana ɗaga shi za a kai shi sabon gini, igiya ta tsinke, ya faɗi, yaɓen ya tsage. Ashe zinariya ce a ciki, nauyin tan biyar da rabi. Ana jin cewa mutanen dā ne suka yaɓe shi don su ɓoye shi daga mahara. Dubban mutane sun gan shi da idonsu kafin ranar nan, kuma duk da haka ba su gan shi ba.

Shawararmu ga ɗalibai

Ku 'yan ajin ƙarshe, ba da daɗewa ba za ku zama baƙi a wani wuri. Ƙalilan ne watakila za su taka Bankok, amma jami'a, ko hidimar ƙasa, ko neman abinci za su kai ku garuruwan da harshensu da cimarsu da gaisuwarsu ba irin naku ba ne. Ga abin da muke roƙonku.

Da fari, ku rubuta abin da kuka gani a makon farko, gama bayan wata uku ba za ku ƙara ganinsa ba. Na biyu, kowane abu da ya ba ku mamaki ko haushi, ku sa masa alamar tambaya, ku nemi wanda ya daɗe a wurin ya ba ku dalili, domin matambayi ba ya ɓata. Na uku, kada ku tsaya a babban titi. Ku shiga lungu, ku je kasuwar asuba, ku ji daga bakin mai shara da mai tuƙi, ba daga bakin mai otal kaɗai ba. Na huɗu, in kun dawo, ku ba da labari da adalci, yadda za ku so baƙon da ya kwana biyu a garinku ya ba da labarinku.

Ku iyaye da malamai kuma, idan matafiyi ya dawo yana zuba labari, kada mu tsaya ga "Me ka gani?" Mu ƙara masa da "Me ya sa haka?" In ya iya amsawa, to lalle ya shiga birni. In bai iya ba, Dala kawai ya hango. Tafiya mabuɗin ilimi ce, amma mabuɗi ba ya buɗe ƙofa sai an murɗa shi. Allah ya ba mu idon gani da haƙurin fahimta, ya kai kowane matafiyi lafiya, ya dawo da shi lafiya.